Mai Toshe Jirgi a Kujerar Likita

Shekara talatin ina toshe jiragen ruwa
a Yelwa, ƙarƙashin giginyar da ta karkace.
Duk inda katako ya buɗe baki, ni ke rufe shi:
tsumma, ƙusa, tafasasshiyar kwalta a gwangwani.
Ban taɓa zaton wata rana ni za a toshe ba.

Ƙusa ce ta yi mini.
Na cije ta kamar kullum, hannu na neman guduma,
sai na ji ƙas.
Rabin haƙorin gaba ya faɗa kogi.
Wataƙila yanzu yana cikin wani ragon ruwa,
yana hanyar kasuwar Jega.

Wata bakwai ina dariya da tafi a baki.
Ruwan randa ya zama abokin gaba,
shayin Hantsi sai ya huce nake kurɓa.
Jikata Tumba ta ce, "Kaka, ce sabulu,"
na ce, ta faɗi ƙasa tana riƙe ciki.

Sai ɗana Gado ya ja ni Birnin Kabi.

Kujera ce mai kwanciya da kanta.
Likitar, Ige, ba ta kai 'yata ta tsakiya ba.
Na ce mata ba na son cikon azurfa,
na ga na Bagudu direba, baƙi wuluk kamar gindin tukunya,
haƙorin Makka kuwa ya fi ƙarfin aljihuna.
Ta yi murmushi a bayan takunkumi, idonta ne ya gaya mini.
Ta ɗauko jerin haƙora a kan ɗan ƙarfe,
daga farin nono har ruwan kunu,
tana karawa da nawa kamar mai zaɓen zare.
"Baba, goro ya rina naka."
Na ce to, ba ni irin nawa,
kada baƙo ya fi masu gida haske.

Ta kankare gefen da ya karye,
ta shafa wani abu mai tsami, ta wanke,
ta busa iska har wurin ya bushe ƙarau.
A nan na gane ta.
Jiƙaƙƙen katako ba ya riƙe kwalta,
ashe ita ma ta sani.

Ta matso danƙo daga siririn bututu,
bai fi ƙwayar dawa ba.
Garin gilashi ne, in ji ta, aka kwaɓa da roba.
Ta ɗora, ta lallaɓa, ta fitar masa da kafaɗa,
sannan ta haska wata shuɗiyar wuta.
Na ƙirga a zuci. Ashirin.
Ya sandare.
Ni da nake zaman yini guda ina roƙon rana!

Shafi kan shafi, wuta kan wuta,
sai goga, sai madubi.

Na nemi wurin haɗin.
Mai sana'a aibi yake fara nema.
Ido bai samu ba, na aiki harshe,
ya yi sintiri, ya dawo hannu rabbana.

Gaskiya na ji ɗan kishi.
Aikina daga tsallaken ruwa ake hango shi,
baƙin layi a haƙarƙarin jirgi,
kowa ya san Nomau ya taɓa wurin.
Ita kuwa gwanintarta
a duba a rasa inda ta bi.

Na ce ko za ta sayar mini da bokiti guda?
Ta ce, "Baba, sai ka fara sayar da jiragen."
Ta kafa mini doka: ban da ƙusa, ban da murfin kwalba,
ban da ƙashin miya,
in rage goro, in dawo baɗi ta duba.

Yanzu na ɗinka wa ƙusoshi aljihu a riga.
Amma hannu ya saba, yakan nufi baki,
ya tsaya a hanya, ya ji kunya.
Jiya Tumba ta zo da gwajinta.
Na ce sabulu, na ce sassabe, na ce sisi.
Ta tsuke fuska ta tafi,
wai an ɓata mata wasa.